Shekaru da Tumbi: Abin da Ke Hana Iyayenmu Maza Barci

Masu iya magana kan ce, lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To amma a ƙasar Hausa akwai larurar da ake iya faɗa a bainar jama'a, akwai kuma wadda ake haɗiyewa. Dattijo zai zauna a majalisa ya shaida wa abokansa cewa hawan jini ya kama shi, ko ciwon suga ya raba shi da shayi mai zaƙi, kowa ya yi masa sannu, wani ma ya kawo labarin maganin da ya gwada. Amma da wuya ka ji ya buɗe baki ya ce fitsari ne ke ba shi wahala, wato yakan tashi sau huɗu ko biyar kafin asuba, ko yakan daɗe a tsugune yana jira abin ya ƙi zuwa, ko kuma bayan ya yi tsarki ya miƙe sai ya ji ɗigo a wandonsa. Wannan magana ce da kunya ta rufe, alhali tana shafar maza da yawa da suka kai shekara sittin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne, mu ɗalibai mu ne 'ya'ya da jikokin waɗannan dattawa, kuma mu ne ake kira idan dare ya yi tsakiya aka rasa yadda za a yi. Ina so in yi magana a kan abubuwa biyu da ke ciyar da wannan larura gaba. Na farko shekaru, wanda babu mai iko da su sai Allah. Na biyu kuwa ƙiba, musamman tumbi, wanda muna da ta cewa a kansa, amma mun mayar da shi abin ado.

Mene ne abin, kuma ina yake?

A ƙarƙashin mafitsarar kowane ɗa namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama wanda likitoci ke kira furostet. A jikin saurayi girmansa bai wuce na matsakaicin goro ba, nauyinsa kuma kimanin giram 20. Aikinsa shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Mata ba su da shi. Abin lura game da shi shi ne wurin zamansa, domin bututun da ke ɗauko fitsari daga mafitsara zuwa waje ta tsakiyarsa ya ratsa. Saboda haka idan ya ƙara girma, sai ya matse bututun, kamar yadda mutum zai taka tiyon ban ruwa da ƙafarsa. Ruwa yana nan, famfo yana aiki, amma hanya ta ƙuntata.

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshen Hausa. Har yau babu wata kalma guda da kowa ya amince da ita a matsayin sunan wannan ƙullutu. Sau da yawa a rediyo da jaridu za ka ji an ce "kumburin mafitsara" ko "ciwon dajin mafitsara", alhali furostet ake nufi. Mafitsara kuwa jakar da fitsari ke taruwa ce, tana da nata cututtukan daban. Wannan ruɗani ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ba shi da suna, da wuya a yi hirarsa, kuma abin da ba a hirarsa, kowa sai ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce basir ne ya sauko, wani kuma ya ce hannun maƙiya ne.

Rabon shekaru

Furostet na daga cikin sassan jiki ƙalilan da ba sa daina girma. Yakan yi girma na farko lokacin balaga, ya ɗan tsaya, sannan daga wajen shekara arba'in ya ci gaba da ƙaruwa sannu a hankali har ƙarshen rayuwa. A shekarar 1984 wasu masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun tattara sakamakon binciken gawarwakin maza masu shekaru daban-daban. Sun gano cewa a tsakanin 'yan shekara 31 zuwa 40, kashi 8 cikin 100 ne kawai ke da alamar wannan kumburi a naman furostet ɗinsu. A tsakanin 'yan shekara 51 zuwa 60, rabinsu ne. Waɗanda suka haura 80 kuwa, kusan tara cikin kowane goma. Ke nan, duk namijin da Allah ya yi wa tsawon rai, da wuya ya tsallake.

Me ke sa shi girma? Sinadarin mazantaka ne, wanda ake kira testosteron. A cikin furostet ana juya shi zuwa wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, mai suna DHT, kuma shi ne ke ciyar da naman. Tun da daɗewa likitoci sun lura cewa babanni, wato mazan da aka dandaƙe tun suna yara irin waɗanda aka riƙa ajiyewa a fadojin sarakuna a zamanin da, ba sa samun wannan kumburi. A shekarar 1974 kuma wata likita mai suna Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu maza a Jamhuriyar Dominika waɗanda aka haifa jikinsu ba ya iya yin DHT yadda ya kamata, sai aka ga furostet ɗinsu ya tsaya ƙarami. Daga wannan ilimi ne aka ƙirƙiro ɗaya daga cikin magungunan da ake ba masu larurar a yau. Wato dai abubuwa biyu ne sharaɗi: mutum ya kasance namiji, kuma ya daɗe a duniya.

Sai dai ba duk mai kumburin ne ke shan wahala ba. Akwai mai babban furostet da ke fitsarinsa lafiya lau, akwai kuma wanda nasa bai yi wani girma ba amma ya hana shi sakat. To me ya sa tsara biyu, 'yan unguwa ɗaya, ɗaya yana barcinsa har kiran assalatu, ɗaya kuwa buta ba ta barin hannunsa? Gado yana da nasa rabon. Amma akwai wani abu da masu bincike suka yi ta cin karo da shi, wato nauyin jiki.

Rabon tumbi

Wasu masana a Jami'ar Harvard sun bi diddigin lafiyar dubban maza ma'aikatan kiwon lafiya a Amurka. A rahoton da suka fitar a 1994, sun nuna cewa mazan da faɗin ƙugunsu ya kai inci 43, wato santimita 109, haɗarin a kai ga yi musu tiyata saboda kumburin furostet ya ninka fiye da sau biyu idan aka kwatanta da waɗanda ƙugunsu bai kai inci 35 ba. A shekarar 2006 kuma wani bincike da aka yi a birnin Baltimo ya auna girman furostet na maza fiye da 400 da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. An gano cewa yadda nauyin mutum ke hawa, haka girman furostet ɗinsa ke hawa, kuma masu matsananciyar ƙiba sun fi marasa ƙiba haɗarin samun kumburin da kimanin ninki uku da rabi. Masu ciwon suga ma haɗarinsu ya haura ninki biyu.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan teɓa da hanyar fitsari? Masana sun kawo dalilai da dama. Na farko, kitse ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Yana juya wani ɓangare na sinadarin mazantaka zuwa sinadarin mata, istirojin, kuma ana ganin wannan sauyin ma'auni yana taimaka wa furostet ya yi girma. Na biyu, mai tumbi yawanci jikinsa yana fitar da insulin fiye da kima domin ya shawo kan sukarin da ke jininsa, shi kuwa insulin yana zuga nama ya tofu. Na uku, kitsen ciki yana haddasa wani ɗan ƙaramin kumburi na ɓoye a sassan jiki, har da furostet. Na huɗu, ƙiba tana tsananta aikin jijiyoyin da ke sa tsokar furostet da ta bakin mafitsara su ɗaure, sai hanya ta ƙara tsukewa. Bugu da ƙari, ƙiba takan zo da 'yan rakiyarta, wato ciwon suga da hawan jini da minshari mai yanke numfashi, waɗanda kowannensu yana iya ƙara wa mutum tashin dare.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin inda mutum ya tsaya. Likitoci suna da wani lissafi da suke kira BMI: a ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita sau kansa. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 95, lissafinsa ya kusa 33. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba sosai. Wanda lissafi ya yi masa wuya, tef ɗin tela ya ishe shi. Idan ƙugun namiji ya haura inci 40, wato santimita 102, to ya shiga sahun masu haɗari.

Abin da ya faru a gidanmu

Ni ban san duk wannan ba daga aji. Larurar kawuna ce ta sa na nemi sani. Kawu, yayan mahaifiyata, fataucin goro ya kawo shi Shagamu tun yana saurayi, kuma a wurinsa nake yin hutun ƙarshen mako tun da na zo karatu Kudu. A hotunansa na da, siriri ne kamar sanda, domin a lokacin shi ke ɗaukar huhun goro a ka, shi ke bin ƙauyuka a ƙafa. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sami yara masu yi masa ɗauka, ya sayi mota, ya koma zama a kan benci daga safe har la'asar. Abinci kuwa sai wanda ya zaɓa: shayi mai kauri da burodi da safe, teba ko sakwara da rana, tuwo da dare, ga tsire da lemon kwalba idan baƙi sun zo, ga goro ba ya barin bakinsa. Duk wanda ya zo daga gida ya gan shi sai ya ce, "Kai, Alhaji, Kurmi ta karɓe ka! Dubi yadda ka murje." Shi kuma ya shafa tumbi ya ce alhamdu lillahi.

Akwai wani abu da na lura da shi game da suturarmu. Mai sa wandon bel, da zarar ya ƙara ƙiba bel ɗin zai sanar da shi. Wandon mazagi kuwa ba ya ƙorafi, kullum sai dai ya ƙara saki, babbar riga kuma ta rufa asiri. Telan Kawu ne kaɗai ya san gaskiya, domin a littafinsa na awo ƙugun da ya fara rubutawa inci 34 ya koma 44.

Alamun sun daɗe suna zuwa, amma kowace sai a ba ta wata fassara. Da ya fara tashi sau uku ko huɗu cikin dare, sai aka ce ai Alhaji ya ƙara ƙwazon nafila. Da ya fara gyangyaɗi a kasuwa, aka ce gajiya ce. Da ya bar sahun farko a masallaci, inda ya shekara ashirin yana tsayawa, ya koma can baya kusa da ƙofa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya ne muka gane cewa tsoron ɗigon fitsari ne ya kore shi, yana shakkar tsarkinsa, yana kuma so ya kasance kusa da hanyar fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɓoye yana ta sayen magani a wajen masu talla da lasifika a tasha, wannan ya ce masa sanyin mara ne, wancan ya ce dattin ciki ne. Kuɗi suka tafi, larura tana nan.

Ranar da abin ya fito fili, yana da shekara 63, ya dawo ne daga ɗaurin aure a Arewa cikin hunturu. Saboda kada ya riƙa tsayar da direba a hanya, sai ya yi ta riƙe fitsari tun daga Kaduna. Ga shi kuma mura ta kama shi, ya sayi maganinta a kemis ya sha. Da dare ya raba, sai matarsa ta buga mini ƙofa ta ce, "Tashi, kawunka ba lafiya." Na same shi durƙushe yana gumi, mararsa ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya ƙi fita ko ɗigo. Mutumin da ban taɓa jin ya yi raki ba, ya kama hannuna ya ce, "Ɗan nan, ka kai ni asibiti, zan mutu."

A asibiti aka sa masa robar fitsari, aka zuƙe abin da ya kusa cika lita guda. Cikin 'yan mintoci ya sauke ajiyar zuciya, barci ya kwashe shi. Washegari aka yi masa hoton ciki da gwajin jini, likita kuma ya duba shi. Furostet ɗinsa ya ninka na saurayi fiye da sau uku, sukarin jininsa ma ya hau ba tare da ya sani ba. Likitan ya ce, "Baba, shekara nawa kana fama da wannan?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Za a yi biyar." Likitan ya bayyana mana cewa riƙe fitsari na tsawon lokaci da wasu magungunan mura suna iya toshe hanyar gaba ɗaya ga wanda furostet ɗinsa ya riga ya kumbura. Ya ƙara da cewa da an ci gaba da zama a haka, fitsarin da ke kwantawa a mafitsara yana iya jawo ƙwayoyin cuta, ko tsakuwa, ko ya koma baya ya lalata ƙoda.

Kwanakin da ya yi da roba a jikinsa sun fi masa ciwon zafi. Ya ƙi fita ko ƙofar gida, ya ce a faɗa wa masu zuwa gaisuwa zazzaɓi ne. Amma wani abin mamaki, da labari ya fara zagayawa, sai ga abokansa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa idan ya ga ɗaki ya yi shiru sai ya rage murya ya ce, "Alhaji, ni ma fa haka nake fama. Wane likita ka gani?" Na ƙirga mutum huɗu a mako guda, dukkansu 'yan majalisa ɗaya, sun shekara da shekaru suna zama tare, ba wanda ya san halin da ɗan'uwansa ke ciki.

Magani yana nan

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, wannan larura tana da magani, kuma ba kowa ne ke kaiwa ga tiyata ba. Likita yakan fara da tambayoyi bakwai game da yanayin fitsarin mutum, ya ba da maki daga 0 zuwa 35. Daga 0 zuwa 7 abin mai sauƙi ne, sau da yawa gyaran ɗabi'a ya isa. Daga 8 zuwa 19 matsakaici ne, daga 20 zuwa sama kuwa ya yi tsanani. Akwai magani irin su tamsulosin da ke sassauta tsokar da ta ɗaure hanya, yana fara aiki cikin kwanaki. Akwai kuma irin su finasterayid, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992, shi kuma yana hana yin DHT, ya rage girman furostet da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi watanni ana sha. Idan waɗannan ba su wadatar ba, akwai aikin da ake yi ta cikin bututun fitsari a kankare naman da ya toshe hanya, ba tare da an tsaga ciki ba. Duk waɗannan likita ne ke zaɓa wa mutum, ba mai kemis ba, ba kuma aboki ba.

Wani abin da ke hana mutane zuwa asibiti shi ne tsoron a ce sankara ce. Ya kamata a bambance. Kumburin furostet na tsufa ba sankara ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama ita. Sai dai ana iya samun su biyun a jikin mutum ɗaya, kuma alamunsu kan yi kama. Sankarar furostet ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Nijeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsuna haɗarin kamuwa da ita. Don haka zuwa asibiti riba biyu ne. A nan ma ƙiba tana da wata illa ta ɓoye: gwajin jini na PSA, wanda ake amfani da shi wajen neman alamar sankarar, yakan nuna adadi ƙasa da na gaskiya a jikin mai ƙiba, saboda yawan jininsa yana surka sinadarin. Ke nan tumbi yana ƙara cuta, yana kuma taya ta ɓuya.

Game da kunya kuwa, ya isa misali abin da ya faru a Ingila. A watan Janairun 2024 fadar Sarki Charles na Uku ta sanar wa duniya cewa za a yi masa aiki saboda kumburin furostet, yana da shekara 75. Aka ce ya yarda a faɗa ne domin maza su je a duba su. A ranar da aka yi sanarwar, masu neman bayanin larurar a shafin intanet na hukumar lafiyar ƙasar suka ninka fiye da sau goma. Idan sarki bai ji kunyar faɗa ba, ban ga dalilin da zai sa mai goro ko mai shanu ko malamin makaranta ya zauna yana cizon haƙori shi kaɗai ba. Ta fuskar addini ma, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin hukuncin mai yoyon fitsari, kuma akwai rangwame a gare shi. Tambaya ɗaya ga malami za ta iya mayar da dattijo sahun da ya bari.

Abin da ke hannunmu

Shekaru ba sa komawa baya, amma tumbi yana komawa. A wani rahoto na 1998, waɗancan masana na Harvard sun gano cewa mazan da ke tafiyar ƙafa ta awa biyu zuwa uku a mako, haɗarin larurar ya ragu musu da kashi 25 cikin 100. Awa uku a mako bai kai minti talatin a rana ba. Tafiya ce daga gida zuwa masallacin Juma'a, ko daga gida zuwa kasuwa, wadda iyayenmu suka yi a ƙuruciyarsu ba tare da sun kira ta motsa jiki ba. Yau kuwa ko gidan maƙwabci za a je sai an hau babur.

Kawu yanzu yana zuwa rumfarsa a ƙafa. An rage masa sukari a shayi, lemon kwalba ya bar shi, tuwon dare ya koma malmala ɗaya da miyar ganye mai yawa. Likita ya ce ya rage shan ruwa da shayi idan an yi sallar magariba, ya kuma rage goro da yamma, domin goro yana da kafin, sinadarin nan da ke cikin kofi, wanda ke tsokanar mafitsara. Wannan ce ta fi yi masa wuya, har yakan ce an hana mai kaza cin ƙwai. Yana shan maganinsa, yana komawa asibiti a kan lokaci. Ba zan ce ya koma saurayi ba, har yanzu yakan tashi sau ɗaya, wani lokaci sau biyu. Amma ƙugunsa ya sauko da inci huɗu, sukarinsa ya daidaita, ya kuma koma sahun farko. Abin dariya shi ne, masu zuwa daga gida yanzu sukan ja matarsa gefe su ce, "Lafiya Alhaji ya rame haka? Ko kasuwa ce ta juya?" Wannan tambaya ita ce ainihin matsalarmu. Muddin muna auna arzikin mutum da girman cikinsa, to za mu ci gaba da yi wa cuta kirari.

Ya kamata a fahimta cewa rage ƙiba ba ya maye gurbin ganin likita. Wanda ya riga ya fara ganin alamu, wato yawan tashi da dare, ko raunin fitsari, ko yankewarsa, ko jin bai gama ba bayan ya gama, ya je a duba shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko fitsarin ya tsaya cak, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Kammalawa

Kirana na farko ga 'yan'uwana ɗalibai maza. Tumbin ɗan shekara sittin ba a shekara sittin ake gina shi ba, tun daga talatin ake aza harsashinsa, ranar da aka sami aikin ofis da mota da kuɗin tsire. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kira na biyu ga 'yan'uwa mata, waɗanda tukunyar gidajen gobe ke hannunsu: kula da miji ba a yawan mai da maiƙo yake ba. Kira na uku ga dukkanmu idan mun koma gida hutu. Al'adarmu ba ta yarda ɗa ya dubi idon mahaifinsa ya tambaye shi yadda yake fitsari ba, kuma ba na cewa a karya wannan ladabi. Amma akwai hanyoyi. Ana iya bi ta wajen mahaifiya, ko amininsa, ko limamin unguwa, ko kuma a ce, "Baba, mu je a auna jini da suga," sauran tambayoyin likita ya yi su. A lura da butar da ke ƙarewa kafin asuba, da gyangyaɗin rana, da tafiyar da aka fara ƙi ba dalili.

Ga malamanmu da ɗaliban wannan sashe kuma, ina ba da shawarar a zauna da likitoci masu jin Hausa a tsayar da suna guda ga wannan ɗan ƙullutu, wanda mai rediyo da mai wa'azi da ma'aikacin asibiti za su yi amfani da shi, kowa ya gane. Rigakafi ya fi magani, amma rigakafin ma sai an san sunan abin da ake gudu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa tsufansu ya zo da sauƙi, mu kuma ya ba mu ikon kula da su kamar yadda suka kula da mu muna ƙanana, amin.